Ƙarfen da maƙwabcina ya ba ni: wane irin harsashin igwa ne, kuma ya zan yi da tsatsarsa?

Baban Sadiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda ya san tsofaffin harsasan igwa ya taimaka mini.

Shekarata shida ina zaune a wajen garin Petersburg, a jihar Bajiniya ta Amurka. Maƙwabcina dattijo ne da ya haura tamanin, zai koma wurin 'yarsa, shi ne ranar Asabar na je taya shi kwashe kaya daga rumbun da ke bayan gidansa. A bakin rumbun na ga wani ƙarfe da yake tokare ƙofa da shi. Ya ce tun yana yaro garmar mahaifinsa ta tono shi a gonarsu, kuma tun daga ranar aikinsa ke nan, tokare ƙofa. Da ya ga na tsuguna ina ta jujjuya shi, sai ya ce in ɗauka, ya ba ni.

Ga yadda yake. Kaurinsa inci 3 saura kaɗan, tsayinsa ya kusa inci 7, a sikeli kuma ya ba ni laba 8 da ɗoriya, wato kusan kilo 4. Ba dunƙulalle ba ne irin ƙwallon igwa da muke gani a hoto, dogo ne, kansa ya zagaye kamar ƙwai. A ƙugunsa akwai wata ɗamara mai launin toka-toka, da na sa farce na ji ta fi sauran jikin laushi, kuma duk zagayenta akwai shaida kamar an danna ta a jikin wani abu mai haƙora. Daga ƙasa akwai wani ƙarfe kamar ƙoƙo da aka kifa masa a gindi. Sannan tsaga uku sun bi tsawonsa daga gindi zuwa sama. A tsakiyar kai akwai toshiyar tagulla da ta yi kore, da ɗan rami a tsakiyarta wanda ƙasa ta cike.

Na san an yi wata tara da wani abu ana gwabzawa a kewayen garin nan, daga Yunin 1864 zuwa Afrilun 1865, don haka ina zaton na yaƙin basasan Amurka ne. Abin da nake son sani: mene ne sunansa, kuma 'yan Arewa ne suka harba shi ko 'yan Kudu? Ina so in goge tsatsar da burushin waya, in sa ƙusa in fitar da ƙasar da ke ramin, in ɗora shi a kan kanta a falo. Tun ina makaranta tarihin yaƙin nan yake taɓa ni, saboda a kan bauta aka yi shi, kuma riƙe abin da ya fito daga cikinsa da hannuna ya girgiza ni fiye da yadda na zata.

Kawu Mai Ƙarafa

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin komai: ka ajiye ƙusar nan, ka ajiye burushin. Zan dawo kan dalili, amma kada ka jira ka gama karatu.

Abin da ka siffanta harsashin Hotchkiss ne mai inci 3, ba ko tantama. Shekara ashirin da biyu ina tara waɗannan ƙarafa, abin da na koya kuwa shi ne, harsashin igwa mai murɗaɗɗiyar tsaga ba a gane shi ta kai, ta gindi ake gane shi. Ka ga, tun da aka fara yanka tsaga a cikin bututun igwa don harsashi ya fita yana katantanwa, ya yi nisa kuma ya sami saiti, sai maƙera suka haɗu da matsala guda. Ta baki ake ɗura mafi yawan igwoyin zamanin, to dole harsashi ya zama ya ɗan fi bututu siranta don ya zurma, amma kuma da an harba dole ya kumbura ya kama tsagar. Kowane maƙeri da dabarar da ya ɓullo da ita, kuma a gindi dabarar take.

Ta Hotchkiss, wadda aka yi wa rajista a 1855, gida uku ce: kai, ɗamarar darma, da ƙoƙon gindi. Idan albarushi ya tashi, sai ya bugo ƙoƙon gaba, ƙoƙon ya matse darmar, ita kuma ta bultso ta shige cikin tsagar bututu. Shaidar da ka gani a ɗamarar ke nan. Ka ƙirga ta da ido, ba sai ka ɗaga shi ba. In bakwai ce, daga igwar da ake kira Ordnance mai inci 3 ya fito, wadda aka ƙera a Phoenixville ta jihar Pennsylvania, don tsagarta bakwai ce. Igwar Parrott mai laba 10 tsaga uku gare ta, masu faɗi. Naka ma ya yi sa'a, domin da yawa ana tono su ne darmar ta fice ko ƙoƙon ya yi nasa wuri.

Sauran ma haka ake bambance su. Na Parrott zoben ƙarfe ne ko na tagulla a can ƙarshen gindi. Na Schenkl gindinsa ya tsuke kamar karas, da layuka a jiki, saboda rigar matsattsiyar takarda ake sa masa, ita kuwa takarda ba ta kai labari a cikin ƙasa. Na James gindinsa kamar keji ne mai haƙarƙari, da darma da gwangwani da zanen tamfol aka lulluɓe shi. Na Read, wanda 'yan Kudu suka fi yi, sau da yawa jan ƙarfe ne a gindinsa. Wanda ya fi kowanne sauƙin ganewa shi ne Whitworth na Ingila: kusurwa shida gare shi a murɗe, ba ɗamara ba zobe, domin bututun da kansa mai kusurwa shida ne. Shekara goma sha ɗaya na yi kafin in mallaki guda.

Game da wanda ya harba, a Arewa aka ƙera shi, kuma mafi rinjaye sojan Arewa ne suka harba. Amma 'yan Kudu sun sha ƙwace igwoyi da akwatunan harsashi su juya su, don haka ƙarfen shi kaɗai ba zai rantse maka ba. Abin da zai taimaka shi ne sanin ainihin gonar. Ka zauna da dattijon nan kafin ya tafi, ya nuna maka wurin a taswira, ka rubuta. Harsashin da ba a san inda ya fito ba ya rasa rabin labarinsa.

Yanzu dalilin. Tsaga ukun nan da suka bi tsawonsa hanyar wuta ce. An yi su ne don harshen wutar harbi ya bi ta nan ya isa kai, ya kunna lagwanin takarda da ke cikin toshiyar tagullar, lagwanin ya ci na 'yan daƙiƙoƙi sannan ya fasa harsashin a kan abokan gaba. Naka an harba shi, ga shaida a darma, kuma bai fashe ba, ga shi cikakke a hannunka. Ma'ana albarushin da aka ɗura masa bai je ko'ina ba.

Tsohon Sajan

Kawu ya yi bayani, ni gargaɗi kawai zan ƙara, don na yi aiki da manyan bindigogi kuma na ga abin da ƙarfe ke yi wa jikin ɗan Adam.

Ɗan'uwa, kada ka ce ai shekara 160 ya yi, ko ai ya daɗe yana tokare ƙofa bai yi komai ba. Baƙin albarushi ba ya mutuwa da tsufa. In ya jiƙe ya bushe, yana nan da ransa. Abin da yake jira zafi ne, ko tartsatsi, ko gugar ƙarfe da ƙarfe, su ne kuwa ainihin abin da ƙusa da burushin waya da injin huda suke kawowa. A 2008, nan jihar taku, wani da ya shekara da shekaru yana wannan harka, wanda har wasu ke kai masa nasu ya gyara, ya rasa ransa a ƙofar gidansa yana aikin wani ƙwallon igwar jirgin ruwa mai inci 9. Ɓarɓashin ƙarfen sai da ya faɗa wani gida mai nisan kusan rubu'in mil. A Fabrairun 2023 kuma an tono wani a tudun Little Round Top, cikin filin yaƙin Gettysburg, sai da aka rufe hanyoyi aka kira sojojin kwance bam suka tarwatsa shi.

Ina yake yanzu? In a cikin gida ne, ka fitar da iyali, kada ka sake ɗaga shi, kada ka sa shi a mota. Ka kira 'yan sanda ka ce kana da tsohon harsashin igwa da ba a tabbatar an kwance ba. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

Maman Iman

Yaya Baban Sadiya, don Allah ka ji maganar Sajan. Ni a Beljiyam nake, kusa da Ypres, kuma abin da ya zo maka sau ɗaya a rayuwa mu nan duk bazara ne. Manoma suna kiransa girbin ƙarfe. Garma ta tono harsashin Yaƙin Duniya na Ɗaya, manomi ya jingine shi a bakin gona ko gindin turken lantarki, sojojin kwance bam na DOVO su zo da mota su kwashe. Ranar da na fara ganin guda uku a jere a gefen hanyar da nake kai yara makaranta, sai da ƙafafuna suka yi sanyi.

Namu ma ta ɗamara ake karanta su, sai dai ta jan ƙarfe ce ba darma ba: in sumul take ba a harba ba, in ta yi zane-zane ya bi ta bututu. Amma babu mai hankalin da ke tsayawa karatu, saboda wasu iskar guba ce a ciki, kuma tsatsa ta cinye fentin da ke nuna haka. Irin waɗannan garin Poelkapelle ake kai su a lalata. A Maris na 2014 wasu ma'aikata biyu sun mutu a wurin gini a Ypres, kusan shekara ɗari bayan fara yaƙin. Yara na gida, Yaya.

Kawu Mai Ƙarafa

Gaskiya suka faɗa, ba ni da ja. Ba zan ɓoye ba, raina yana sosuwa duk lokacin da aka tarwatsa cikakken Hotchkiss mai ɗamararsa, kuma a cikin masu tara kayan nan akwai masu cewa a kai wa gwani ya kwance. Amma wanda Sajan ya ambata ma gwani ne. Ban taɓa gaya wa wani ya kwance da hannunsa ba, ba kuma zan fara da kai ba.

In kana son shiga harkar, ƙofa a buɗe take. Ka fara da ɓaraguzai: ƙoƙon gindi, guntun ɗamara, zoben Parrott da ya fice. Ba su da tsada, ba su da haɗari, kuma su ne ke koyar da ido. Akwai kuma harsasai na zallan ƙarfe da ba a taɓa yi musu ciki ba. Mai ciki kuwa, kada ka saya sai ka haska tocila ka ga wayam da idonka. Sannan ka kiyaye doka: tun 1979 tonon kayan tarihi a filin gwamnatin tarayya babban laifi ne, kuma a filayen yaƙi irin na Petersburg da Gettysburg ko na'urar gano ƙarfe ba a yarda ka shiga da ita ba. A gonar mutum kuwa sai da izininsa, ni a rubuce nake karɓa.

Baban Sadiya

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. A kan benci yake a gareji, bangonsa ɗaya da ɗakin da Sadiya take kwana. Ina karanta maganar Sajan na ji zufa ta karyo mini. Na kai iyalina gidan wani abokina, na kira 'yan sanda.

Kafin su iso na tsaya daga bakin ƙofa na ɗauki hoto, na ƙara girmansa a waya. Ɓangaren da ke kallona shaida uku ce cikakku da rabin ta huɗu. Da masu kwance bam suka zo na roƙi ɗayansu ya duba mini ɗaya gefen, ya duba ya ce bakwai ne duka. Kawu, Ordnance ɗin ce. Sun sa shi a akwati mai yashi suka tafi, sun kuma gaya mini ba zai dawo ba. Na ji zafin hakan, ba zan ce ban ji ba.

Da yamma na je na gaya wa dattijon. Ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya ce shi da ƙannensa sun sha mirgina shi a tsakar rumbu suna wasa. Daga nan ya ɗauko tsohuwar taswirar gonar ya ɗiga mini wurin da biro, gefen wani rafi ta kudancin gari. Sai kuma ya shiga ciki ya fito da gwangwanin kofi, a ciki akwai guntayen ƙarfe biyar da aka tsinta a wannan gonar. Ɗaya ya tsuke ta ƙasa, da layuka a jikinsa, fasasshe ne ana ganin cikinsa sarai, babu komai sai tsatsa. Kawu, Schenkl ne wannan? In shi ne, ya zan tsayar da tsatsar, don ko taɓa shi na yi sai ɓawo ya zubo mini a tafin hannu.