Yaya ake haɗa kunamar roba don tsokanar taubashi?

Ɗan Mokoyo: Assalamu alaikum. Taubashina, ɗan kawuna, ya zuba mini gishiri a shayi a gaban baƙi ranar wani suna, kuma tun daga lokacin yake yi mini dariya duk inda muka haɗu. Ina so in rama idan ya zo karɓar kuɗin shara a watan Muharram. Na yi niyyar haɗa kunama da hannuna in ɓoye ta a ƙarƙashin faifan da ake rufe ƙwaryar fura, amma wadda na gwada da kwali ta jiƙe ta lalace. Da me ya kamata in yi ta?

Mai faci a Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Ka nemi tsohuwar robar cikin tayar babur, domin baƙa ce, tana lanƙwasuwa, kuma ruwa ba ya ɓata ta. Ka yanke jikin kamar tsawon ɗan yatsa, ka fitar da ƙafafu takwas da hannuwan kamu biyu, sannan ka sanya siririyar waya tsakanin yanka biyu na roba ka manne su da gam ɗin faci, yadda wutsiyar za ta tsaya a lanƙwashe bisa bayanta. Wutsiyar ce ido yake fara gani, don haka ka ɗaɗɗaure ta da baƙin zare gaɓa-gaɓa har sau biyar kafin ƙarin. Ka naɗe bakin wayar ciki, kada ya soki mutum. Daga nan ka ɗaura ta da zare a cikin faifan, yadda da zarar ya ɗaga za ta biyo hannunsa tana lilo.

Inna daga Tibiri: Ɗana, ƙwaryar ta kasance babu komai a ciki, domin gam ɗin faci ba abin kusantar abinci ba ne, kuma idan ya firgita ya ture ta, furar gidanku ce za ta zube. Kada kuma ka yi a inda akwai tsofaffi, mai juna biyu ko mai hawan jini.

Malami a Bagalam: Wasan taubasai gadonmu ne, har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya wasan dangi na Nijar cikin al'adun duniya a 2014. Sai dai Abu Dawuda ya ruwaito cewa bai halatta Musulmi ya firgita Musulmi ba, kuma dalilin hadisin shi ne wata igiya da aka ɗauke wa wani sahabi yana barci. Shawarata ita ce ka yi ta ƙatuwa kamar tafin hannu, ka shafa mata jan fenti, yadda zai gane wasa ne tun kafin gabansa ya faɗi.

Ɗan Mokoyo: Na gode, Malam, zan yi ta ƙatuwa. Inna, ƙwaryar za ta zama wofi, furarsa kuwa sai ya amsa a gaban jama'a cewa na rama kafin a kawo masa. Maigida mai faci, gam ɗin yana bushewa a yini ɗaya, ko in haɗa ta tun da saura kwana biyu?