Me ke ƙwaƙule min lemu tun yana bishiya?

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Ina Kaduna. Ina da bishiyar lemun zaƙi ɗaya da ta lemun tsami ɗaya a bayan ɗaki, jikin katanga. Shekara shida da dasawa, sai bana ta zaƙin ta yi 'ya'yan kirki. To kusan sati uku ke nan, kullum da safe sai in tarar da biyu ko uku an huda su ta gefe, an ƙwaƙule cikin tas, ɓawon yana nan rataye a reshe kamar ƙoƙo. Na tsamin kuma ɓawon ake gwaguyewa a bar tsokar. Da rana ba na ganin komai. Maigida ya ce ko a zuba shinkafar ɓera ko a sare bishiyar kowa ya huta. Ina da yara ƙanana biyu da kaji tara. Wanda ya taɓa gani ya faɗa min mene ne, kuma me ya yi masa aiki.

Ɗan Tudun Wada: Wa alaikumus salam Hajiya. Jemage ne, ba ko tantama. Ki rataya tsofaffin faifan sidi da gwangwanaye a rassa, da sun ga walƙiya ba sa sauka.

Anti Mai Kaji: Ƙuda ne. Nawa ma haka suka dinga zubewa bara, in ka fasa sai tsutsa.

Malamin Gona Mai Ritaya: Anti, naki daban nata daban. Ƙudan 'ya'yan itace ɗan huji yake yi kamar na allura ya saka ƙwai, wurin ya yi tabo, lemun ya faɗo tun bai nuna ba. Wannan mugun irin da ke damun mangwaro ma ba namu ba ne, daga Asiya ya zo, a 2003 aka fara ganinsa a Kenya kafin ya bazu. Ba ya cinye cikin lemu a dare ɗaya. Jemage kuma tuka yake yi, ya tsotse ruwan ya tofar, za ki ga tukar a ƙasa, kuma ya fi son mangwaro da gwaiba. Abin da Maman Biyu ta kwatanta aikin ɓera ne, mai bin katanga da rufi. 'Yar uwa, yau da daddare ki barbaɗa toka a gindin bishiyar da kan katanga, da safe sawu zai faɗa miki gaskiya.

Ɗan Tudun Wada: Malam, ilimin ofis daban na bayan gida daban. Ni da idona na ga jemage a kan lemuna.

Malamin Gona Mai Ritaya: Ganinsa a kai daban, kama shi yana ci daban. Shekara talatin na yi ina yawon ƙauyuka a kan babur, ba a ofis na tsufa ba.

Ɗan Nima: Ku zo Ankara ta Ghana ku ga jemagu, wajen asibitin sojoji na 37. Da magariba sama baƙi take yi. Duk da haka lemun tsohuwata a zango ba su taɓa shi, gwanda suke gamawa da ita.

Na Gidan Kowa: Hajiya kafin a ɗora wa ɓera laifi, a duba mai ƙafa biyu. Ni na san wani ɓera a unguwarmu da ke sa wando yana zuwa Islamiyya.

Maman Biyu: Kai ɗan nan! Wane yaro ne zai hau da ƙarfe biyun dare ya ci ɓawon lemun tsami?

Baban Walida: Maman Biyu, don girman Allah kada ki bari a zuba shinkafar ɓera. Ni ne shaida. Shekara uku da suka wuce abin da ya same ki ya same ni, bishiya biyu. Na sayo maganin a kasuwa, mai sayarwa ya ce in cuɗa da busasshen kifi in ajiye a gindi. Na ajiye bayan isha'i da niyyar kwashewa da asuba, sai na makara. Kafin in fito kaji sun riga ni. Goma sha ɗaya suka mutu kafin azahar, har da zakaran da uwargida ke tattali don suna. Kwana biyu kyanwar gidan ta ci mataccen ɓera, ita ma ta bi su. Wannan duk mai sauƙi ne. Akuyar maƙwabcina ta shigo ta ƙofar baya ta lashe garin da na haɗa da ragowar maganin, kuma da ciki. Mutumin da muka yi shekara goma muna sahu ɗaya a masallaci, sai ga mu gaban mai unguwa. Na ce ita ta shigo min gida, aka ce kai ka sa guba inda dabba za ta kai. Na biya. Har yau matarsa ba ta gaisa da tawa. Abin da ke hana ni barci shi ne, Walida a lokacin rarrafe take yi, kuma a tsakar gidan take wuni. Ɓerayen kuwa bayan wata guda suka dawo kamar an yi musu gayya.

Anti Mai Kaji: Innalillahi! Allah Ya mayar da alheri. Nawa ka biya na akuyar?

Baban Walida: Dubu arba'in da biyar.

Ɗan Tudun Wada: An cuce ka. A lokacin akuya mai ciki ba ta wuce talatin ba.

Anti Mai Kaji: A wace kasuwar? Ni saba'in na sayi tawa, ba ta ma da ciki.

Maman Biyu: Allah Ya tsare gaba Baban Walida, na nuna wa maigida, ya yi shiru. To in ba guba ba, sai me? Wata ta ce in lulluɓe bishiyar da raga.

Injiniya: Raga ta tsuntsu ce da jemage, ɓera yanka ta zai yi. Ni abin da na yi: na datse duk reshen da ya taɓa katanga ko kwano, na bar tazara kamar taku guda, na kuma datse na ƙasa masu jan ƙasa. Sannan na sa mai walda ya yanko min fallen kwano mai santsi, tsawon kamu uku, na naɗe gindin da shi, ba a matse ba don kada ya ci bishiyar. In ya zo hawa sai ya zame. Sai tarko huɗu a kan katanga inda kaji ba sa kaiwa, da ƙuli-ƙuli a ciki. Duka bai ci min dubu shida ba.

Anti Mai Kaji: Injiniya yaushe rabonka da kasuwa? Tarkon ƙarfe ɗaya dubu biyu da ɗari biyar aka ce min jiya.

Injiniya: Ɗari takwas na saya. Ke dai an ga gyalenki ne.

Malamin Gona Mai Ritaya: Ƙari a kan na Injiniya: duk lemun da ɓera ya taɓa kada a yanke gefe a ba yara. A tattara a binne, da wanda ya faɗo. Zazzaɓin Lassa, da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake kama mutum. Mataccen ɓera ma a ɗauka da shebur ko leda a hannu.

Na Gidan Kowa: Ko ki ɗauki kyanwa aiki. Tawa dai tare da ɓeran suke cin tuwo, kwano ɗaya.

Maman Biyu: Na barbaɗa tokar jiya. Akwai ƙananan sawu da jan wutsiya a kan katanga, daga ɓangaren kangon da ke bayanmu suke zuwa. Matsalar ita ce rabin rassan sun tsallaka can, kuma duk layin nan suke zubar da shara.

Baban Walida: To ai nan gizo ke saƙar. Ki kashe goma, kango ya aiko ashirin. Mu ma fili ne wani ya saya ya kewaye ya tafi abinsa, shekara takwas ko bulo bai ƙara ba.

Ɗan Tudun Wada: Namu har gafiya ke fitowa daga ciki, ta haƙe min gindin katanga. Mun haɗa kuɗi an kwashe bolar sau biyu, sati bai cika ba aka sake tarawa. Masu aiko yara da bokitin shara da daddare sun san kansu.

Anti Mai Kaji: Ina kuke so a zuba? Motar shara ta taɓa shigowa layinku? Mai baro ɗari uku yake karɓa duk zuwa.

Injiniya: Ɗari biyar a wajenmu, kuma shi ma a kangon gaba yake juyewa.

Maman Biyu: Jama'a, ni dai rassan da ke cikin kangon nake tambaya. In shiga in datse, ko sai na nemo mai filin? Ba wanda ya san lambarsa.