Yaya koyarwar Konfushiyas ta zama ginshiƙin mulki a tsohuwar Sin?

Ɗalibin Tarihi: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Konfushiyas, malamin falsafa na ƙasar Sin, ya rasu a shekara ta 479 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan ya yi ta zagaya ƙananan masarautu ba tare da wani sarki ya rungumi shawararsa ba. To ta yaya koyarwarsa ta mamaye fadar sarakunan Sin daga baya?

Mai Nazari: Wa alaikumus salam. Da farko ma tsangwama ta sha, domin Sarki Qin Shi Huang, wanda ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, ya fifita masu aƙidar doka mai tsauri, har ya ba da umarnin ƙone littattafai a shekara ta 213 kafin haihuwar Annabi Isa bisa shawarar wazirinsa Li Si. Sai a daular Han, zamanin Sarki Wu, al'amari ya juya: masani Dong Zhongshu ya ja hankalinsa, kuma a shekara ta 124 kafin haihuwar Annabi Isa aka kafa makarantar horar da ma'aikatan fada a kan tsofaffin littattafai biyar na tafarkin Konfushiyas. A ganina, sarakuna sun so aƙidar ne saboda tana ɗaura biyayyar talaka ga sarki da biyayyar ɗa ga mahaifinsa.

Baƙon Zaure: Malam Mai Nazari, a yi mini afuwa, biyayya ba ita kaɗai ba ce. Mengzi, wanda ya bi tafarkin Konfushiyas, ya sanya talakawa gaba da sarki, ya kuma halatta tumɓuke azzalumi.

Mai Nazari: Haka ne, Malam. Amma jarrabawar shiga aikin gwamnati ce ta ɗorar da koyarwar, tun daga daular Sui har zuwa soke jarrabawar a shekara ta 1905 Miladiyya.