Shawarwari kan zaman gida da zumuntar ikilisiya

Zancen fushi ne ya fi cin lokaci a tattaunawar da 'yan'uwa masu bi suka yi kan zaman iyali. Dattawa sun dage a kan Afisawa 4:26, cewa kada rana ta faɗi mutum yana riƙe da fushi. Wata uwa ta ƙara da cewa wannan ba ya nufin sai an warware komai a daren. Ya isa miji da mata su yi addu'a tare, su sa lokacin da za su ƙarasa maganar. Na ga hikima a nan, domin gajiya takan sa a faɗi abin da ba ya gyaruwa.

Idan ɗan'uwa ya yi maka laifi, Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa hanya: ka same shi ku biyu, in ya ƙi ji ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sannan ikilisiya. Yawancinmu daga ƙarshe muke farawa, har mukan kai ƙara da sunan roƙon addu'a. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai.

Game da yara, an tunatar da ubanni Afisawa 6:4, kada horo ya zama tsokana.

An kuma taɓo gwauraye, wato matan da mazansu suka mutu. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake wasu gwauraye wajen rabo, an zaɓi mutum 7 don wannan hidima. Shawarar ita ce kowace ikilisiya ta naɗa masu ziyara da sunayensu, su riƙa duba marasa lafiya da waɗanda suka daina zuwa sujada.