Rufaffen batir ya kumbura a tsohuwar tarakta, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tsohuwar tarakta mai dinamo. Na gaji da batir mai ruwa, kullum asid yana cin kan waya, sai na sa mata rufaffe, irin wanda ba a ƙara masa ruwa. Da farko bugu ɗaya take tashi. Yanzu gefen batirin ya kumbura, in an dawo daga aiki hannu ba ya taɓuwa don zafi. Batirin ne jabu, ko dai irinsa bai dace da tsohon inji ba?

Mai wayarin:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi saurin ɗora wa batir laifi. Ɗauko mita, ka tayar da injin, ka ɗan taka shi, ka auna kan batirin. Rufaffe irin AGM, wato wanda asid ɗinsa ke jiƙe cikin zaren gilas, yana son caji wajen bolt 14.4 zuwa 14.7. Regileta ta tsohon dinamo kuwa, wato abin da ke daidaita ƙarfin wutar cajin, in ta tsufa, takan sakar masa 15 ko fiye. Mai ruwa yana jure wannan, don in ruwansa ya ƙone sai ka ƙara. Rufaffe fa? Ruwansa ya zama iska ya fice ta bawul, ba hanyar mayarwa, sai ya bushe daga ciki ya kumbura. A saita regileta ko a canza ta, in da hali ma a koma altaneta. Wanda ya riga ya kumbura kam ya tafi, kada ka sake sa shi a caji.

Wani manomi:
Gaskiyar oga ce. Amma ni ba zan koma mai ruwa ba, ko don girgizar gona. AGM ba ya zuba, kuma ya fi jure jijjiga. Abin da ke kashe shi a wurinmu zama ne. An gama aiki, a jingine tarakta wata da watanni. Cire wayar negatif, ka riƙa aunawa: cikakke bolt 12.8 ne ko kusa, da ya sauka 12.4 ka ba shi caji.

Mai tambaya:
Na gode. Tsohuwar cajata mai nauyin nan za ta yi?

Mai wayarin:
A'a! Waccan ba ta san ƙoshi ba, turawa kawai take yi. Nemi mai yanke kanta, wadda aka rubuta AGM a jikinta. Kuma a hankali: batir mai 100Ah, amfiya 10 ta ishe shi. In na jel ne ka saya, wato rufaffe mai asid da aka yi wa kauri, ya fi wannan tsoron wuta, kada ya wuce 14.1 ko abin da aka rubuta a jikinsa.

Wani dattijo:
Ku duba wayar da ke jikin bodi kafin ku ɗaura sabo. Wasu tsofaffin injuna fositif ne a bodi, wasu ma bolt 6 ne gaba ɗaya.