Turbon da aka ƙara wa mota da haɗarin shan ruwa: abin da masu gyara suka ce

An yi tambaya ko ƙara wa mota turbo, wato na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji, na iya sa injin ya sha ruwa. Yawancin masu gyaran da suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa turbon ba shi ne matsalar ba, inda aka ajiye matatar iska ne. Masu haɗa irin wannan kaya sukan saukar da ita bayan bamba don ta sha iska mai sanyi, wasu ma har ƙarƙashin mota kusa da salansa. Yayyafi da feshin taya ba su cika yin illa ba. Amma in matatar ta nutse a kududdufi, injin zai zuƙi ruwa, kuma ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Fistin ya taso ya tarar da shi a silinda, sai sandarsa ta lanƙwashe, wani lokaci ta fasa jikin injin.

An yi saɓani kan rigar tare ruwa da ake sa wa matatar. Wasu sun yaba, wasu suka ce feshi kawai take tarewa. Ni ma nan na tsaya, ɗaga matatar sama ya fi, musamman da damina.

Shawarar da kowa ya nanata: in mota ta mutu cikin ruwa, kada a sake murza makulli. A jawo ta, a cire fulogai, a juya injin ruwan ya fito, a zazzage intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar turbo, domin ruwa na kwanciya a cikinta. Baƙin mai in ya koma kalar madara, a canza shi da filtarsa kafin a tayar.