Zango a Gashaka Gumti: ina za mu kafa tanti?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya taɓa kwana a gandun dajin Gashaka Gumti ya taimaka mini, kaina ya ɗaure.

Mu huɗu ne, kwana uku kawai muke da su a watan Janairu, lokacin rani da hanya ke biyuwa. Ta garin Serti za mu shiga. Ni so nake mu kafa tanti kusa da ƙauyen Gashaka, a bakin kogi, mu riƙa shiga dajin Kwano da ke cikin gandun da sassafe ko Allah zai sa mu ga biran cimfanzi. Ƙanena kuwa ya kafe sai an hau Chappal Waddi, wai ba zai je Taraba ya dawo bai taka dutse mafi tsawo a Najeriya ba, mita 2,419. Ga Kawu, gwiwarsa ko matakalar masallaci sai ya dafa bango.

Shin kwana uku za su ɗauki duka biyun, ko mu haƙura da dutsen? Kuma sanyin dare a bakin kogin, bargo ɗaya zai wadatar? Na riga na sayi garin kwaki da ƙuli-ƙuli, wurin kwanan ne ya gagara.